Ɗan Tireda a Ajin Haraji: Abin da Ɗaliban Garwa Ke Tararwa

A watan Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta kafa sababbin jami'o'i uku, a Bertuwa da Ebolowa da Garwa. Kafin nan, ɗan Garwa mai son digiri ko dai ya nufi Dang, inda Jami'ar Ngaundere take tun 1993, ko ya tafi Marwa wadda ta samu tata a 2008, ko kuma ya shiga reshen koyon shari'a da Ngaundere ta buɗe a Garwa. Yanzu yaran Fulɓere da Yalwa da Rumde Ajiya suna hawa babur daga ƙofar gida zuwa lakca. Waɗanda suka zaɓi shari'a ko tattalin arziki da gudanarwa kuwa, ko ba jima ko ba daɗe sai sun gamu da kwas ɗin haraji, wanda babban ginshiƙinsa shi ne harajin kuɗin shigar mutum, wato IRPP a taƙaicen Faransanci.

Kwas ne da ake yi wa kallon mai wuya, amma wuyarsa ba a lissafi take ba. Duk wanda ya iya tarawa da debewa da fitar da kaso cikin ɗari ya gama da wannan ɓangaren. Abin da ke ɗaure wa ɗalibi kai shi ne an ɗora darasin a kan takardar albashi, shi kuwa daga gidan da ba a taɓa ganin ta ba ya fito. Mahaifinsa ɗan tireda ne a babbar kasuwa, ko manomin auduga da ke kai wa kamfanin Sodecoton, ko dillalin shanu a kasuwar Adumri. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2010 ya nuna kusan mutum 9 cikin 10 masu aiki a Kamaru suna cin abinci ne a sana'o'in da ba su da rajista. A arewa, ba sai an faɗa wa kowa wannan ba.

Abin da yaron ya sani game da haraji tun yana ƙarami, daga bakin manya ya ji shi. A zamanin daular Adamawa, lamiɓe suna karɓar zakka da sauran kuɗaɗen sarauta. Jamusawa suka kama Garwa a 1901, aka ƙwace ta daga hannunsu a 1915, Faransawa suka ci gaba da karɓar kuɗin kai ta hannun sarakuna da masu unguwanni, makiyaya kuma suna biya a kan shanunsu. Irin wannan haraji ba ya tambayar nawa ka samu. Kana da rai, kana da kai, sai ka biya. Shi ya sa har gobe, a tunanin mutane da yawa, haraji abu ne da ake ɓuya masa, in an kama ka kuma a yi ciniki. A tsallaken iyaka ma haka aka ɗauke shi, har ya zama soke haraji da jangali na cikin abubuwan farko da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka yi a 1979.

Harajin kuɗin shiga wani tunani ne daban. Ingila ce ta fara shi a 1799, zamanin William Pitt, don neman kuɗin yaƙi da Faransa. Ita Faransa sai a watan Yulin 1914 ta amince da shi. Ƙa'idarsa ita ce kowa ya biya daidai ƙarfinsa, kuma a auna ƙarfin da alƙalami. Kamaru ta tattara dokokinta a kundin haraji na 2002, ta kasa kuɗin shiga gida-gida: albashi da fansho, kuɗin haya, ribar hannun jari, ribar kasuwanci da sana'ar hannu, ribar noma, da abin da masu aikin kansu irin lauyoyi da likitoci ke samu. Makonnin farko na kwas ɗin a nan suke ƙarewa, ɗalibi yana koyon gane gidan da kowane kuɗi ya faɗa.

Sai a zo kan misalin da kusan kowane malami ke farawa da shi. A ce ma'aikaci yana ɗaukar sefa 200,000 a wata, wato 2,400,000 a shekara. Doka ta ce a fara cire kashi 30 cikin ɗari a matsayin ɗawainiyar aiki, saura 1,680,000. A cire kashi 4.2 cikin ɗari na albashin, kuɗin fansho da ake zuba wa asusun CNPS, wato 100,800. A sake cire 500,000 da aka yafe wa kowa a shekara. Abin da ya rage, 1,079,200, shi ake yanka wa haraji. Tunda bai kai miliyan 2 ba, kashi 10 cikin ɗari za a ɗauka, 107,920. A kan wannan kuma a ɗora ushirinsa, 10,792, rabon ƙananan hukumomi. Jimla 118,712 a shekara, ƙasa kaɗan da 10,000 a wata.

A ranar da aka yi wannan lissafi a kan allo, aji kan kasu biyu. Wasu su ce ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wasu kuma, musamman 'ya'yan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, su ce ai abin da ake yanke wa babansu ya fi haka. Su ma gaskiyarsu, domin a takardar albashi akwai wasu layuka: kashi 1 cikin ɗari na asusun gidaje, kuɗin rediyo da talabijin na ƙasa, da harajin raya ƙananan hukumomi. Rarrabe waɗannan layuka shi ne karatu na farko da ɗalibi ke iya kaiwa gida a yi amfani da shi a daren.

Inda aka fi zamewa shi ne matakan harajin. Miliyan 2 na farko kashi 10 ne, daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15, zuwa miliyan 5 kashi 25, abin da ya haura kuma kashi 35. Ɗalibai da dama, kamar iyayensu, suna zaton wanda ya tsallaka mataki duk kuɗinsa za a yanka da sabon kaso, har ka ji ana cewa ƙarin albashi asara ne. Ba haka ba ne. Abin kamar randuna ne a jere, sai ta farko ta cika sannan ruwa ya malala ta biyu, kuma kowace da nata farashi. Mai 2,100,000 zai biya 200,000 a kan miliyan 2 na farko, da 15,000 a kan 100,000 da ta yi saura, jimla 215,000, ba 315,000 ba. Wanda bai kama wannan ba tun da wuri, sai jarrabawar gyara ta kira shi.

Bayan wannan sai tarkon alfarmar aiki. Ma'aikacin da kamfani ya ba gida da mota, doka ba ta ɗauke su kyauta ba. Gida ana ƙiyasta shi kashi 15 cikin ɗari na albashi, mota kashi 10, lantarki 4, ruwa 2, kowane mai aikin gida 5, a haɗa da albashin kafin a fara debewa. Masu tsara tambayoyi suna son cusa ɗaya daga cikinsu a tsakiyar jimla. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, za ka ga ɗalibai huɗu ko biyar a gindin dalbejiya, takardun hoto a shimfiɗe kan tabarma an danne su da duwatsu, na'urar lissafi ɗaya tana yawo hannu zuwa hannu, kowa da amsarsa daban, ana neman wanda ya manta da kuɗin ruwa.

Muhawarar da ta fi zafi kuwa ba ta lissafi ba ce. A duk matakan nan babu inda aka tambayi ma'aikaci mata nawa gare shi ko 'ya'ya nawa. Tuzuru mai ɗaki ɗaya da magidanci mai ciyar da baki 15, in albashinsu ɗaya, harajinsu ɗaya. A Faransa, wadda aka gaji tsarin shari'arta, ana raba kuɗin shigar gida bisa yawan iyali kafin a yanka. Ga yaron da ya tashi a gidan da kullum sai an ɗora babbar tukunya, wannan tambaya ce ta adalci, kuma malamin kirki ba ya kashe ta. Yana nuna ɗaya gefen: tsari mai sauƙi ya fi wuyar maguɗi, sannan albashin da bai kai 62,000 a wata ba an yafe masa, alhali mafi ƙarancin albashi a yawancin kamfanoni 60,000 ne tun 2023.

Ɗaliban da suka yi karatun zaure suna da wani tsani da sauran ba su da shi. Sun san nisabi, sun san cikar shekara, sun san shanu sai sun kai 30 ake fitar musu, hatsin damina kuma ushiri ne. Don haka batun iyakar da ba a taɓa abin da ke ƙasa da ita ba baƙo ba ne a wurinsu. Amma dole su kiyaye bambanci: zakkar kuɗi a kan dukiyar da ta shekara a hannu take, shi kuwa wannan haraji a kan abin da ya shigo ne, ko da an cinye shi tun kafin wata ya mutu.

Wani abin da ke ba sababbi mamaki shi ne karatun ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara majalisa tana zartar da dokar kasafi, ita kuma tana taɓa kundin haraji. Littafin da yaya ya bar wa ƙane yana iya kai shi ya baro. Misali na kusa shi ne harajin ƙananan 'yan kasuwa. Shekara da shekaru ana koyar da tsarin biya-ka-huta mai rukuni huɗu ga wanda cinikinsa bai kai miliyan 10 ba, sai dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disambar 2024 ta zo da haraji guda na dunƙule ga masu ciniki ƙasa da miliyan 50. Ga kuma lambar shaidar mai biyan haraji da cike bayanai ta intanet, waɗanda suka sa ɗan jami'a ya zama magatakardan gidansu ko yana so ko ba ya so.

A nan ne amfanin kwas ɗin yake, kuma a nan ne gibinsa yake. Babin da ya shafi mai shago, mai keken ɗinki da mai gidan haya shi ne ya fi kusa da rayuwar yawancin 'yan ajin, amma a tsarin littattafai takardar albashi da manyan kamfanoni ne ke cin gaba. Ɗalibi yana iya fitar da harajin darakta a Duwala, ya kasa gaya wa kawunsa rukunin da shagonsa ya faɗa. Alhali littafin bashin da ke ƙarƙashin kantar kawun, mai shafuka cike da sunaye da alƙaluma, wani da boko wani da ajami, ya isa a gina darasin mako guda a kansa: mene ne ciniki, mece ce riba, me za a cire, me ba za a cire ba.

Kaɗan ne daga cikin waɗannan ɗalibai za su ci jarrabawar shiga makarantar ENAM a Yawunde su fito sufetocin haraji. Wasu za su samu ofisoshin akanta ko sashen kuɗi na kamfanoni. Mafi yawa kasuwa za su koma, kuma su ne ya kamata a fi tunawa da su wajen tsara darasi. Ɗan kasuwar da ya san rukuninsa, ya san ranar biya, ya san cewa duk abin da aka karɓa sai da rasit, kuma doka ta ba shi damar ƙalubalantar ƙiyasin da bai yarda da shi ba, ba ya biyan abin da ba a bin sa, ba ya kuma gudun abin da ake bin sa. Jami'ar da ke tsakiyar garin 'yan kasuwa tana da dalilin ɗauko misalanta daga rumfunan Garwa da Pitowa da Adumri, ta kuma tura ɗalibanta su zauna da masu rumfunan su yi lissafin tare kafin a ba su maki.