Kafso ba ya maganin fakat

Da zarar hunturu ya kankama a Nguru da Gashuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai kaji su fara zubewa. Kaza ta takure a lungu, fukafukai a sake, tana zawo kore-kore, wata ma wuyanta ya murɗe. Kafin a ankara akurki ya zama wayam. Wannan ita ce fakat, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle.

Uwargida sai ta aiki yaro kemis ya sayo "ja da yalo", wato tetracycline, ta ɓare kafson ta zazzage garin a kaskon ruwan kaji. Ban ga laifinta ba, don kajin nan su ne asusunta na biki da suna. Sai dai fakat ƙwayar bairos ce, kafso kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa.

Da asarar kuɗi ce kawai, da sauƙi. Garin da aka barbaɗa da ka, babu awo, yakan kashe raunanan bakteriya a hanjin kaza ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Su ne ke fita a kashin da ke tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ranar da yaro ya kamu da irinsu, maganin asibiti ya ƙi ci. Ragowar maganin kuma yana zama a ƙwai da naman kazar da aka yanka da gaggawa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 sakamakon ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Rigakafi yana nan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ne a ido, duk wata huɗu, kuma lafiyayyar kaza ake ɗiga wa.

Mu da ke gefen fadamun Haɗeja da Nguru da Dagona, inda tsuntsayen ƙetare ke sauka, kada mu manta murar tsuntsaye tana kama da fakat. In kaji suka fara mutuwa rututu, a ware marasa lafiya, a binne mushe, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma tun kafin a nufi kemis.