Abin Da Madubin Hangen Nesa Ke Nunawa A Fuskar Wata

Hausawa na yi wa wata kirari da farin wata sha kallo, kuma kirarin ya dace da shi, domin babu abin da muke ɗaga kai mu duba a sama kamarsa. Da shi muke lissafin azumi da salla, a haskensa kuma yara ke wasan dandali. Amma in ka tambayi ɗalibi ko mene ne baƙi-baƙin nan da ke fuskar wata, sai ya yi shiru, ko ya kawo maka tatsuniya. A yawancin makarantunmu na zango, darasin wata a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa. Alhali kuwa da ƙaramin madubin hangen nesa yaro zai ga abin da idonsa.

A shekarar 1609 ne wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Galileo ya auna wata da madubin da ya haɗa da hannunsa, wanda ke ƙara girman abu kamar sau 20. A zamanin, malaman Turai da yawa sun ɗauka wata sumul yake kamar ƙwai. Sai ga shi ya ga tsaunuka da ramuka, har ya yi amfani da hasken rana da ke sauka a ƙololuwar tsaunukan ya ƙiyasta tsawonsu. Ya buga abin da ya gani a 1610. Madubi mai ido biyu na kirki, irin wanda ake samu a kasuwa yau, yakan nuna yawancin abin da Galileo ya gani, duk da cewa tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,400.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne baƙaƙen filayen nan. Mutanen da sun zaci ruwa ne, suka kira su tekuna, sunan kuma ya bi su har yau, amma babu ko ɗigon ruwa a cikinsu. Narkakken dutse ne ya ɓulɓulo daga cikin wata fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, ya malale a manyan kwaruruka, ya daskare. A ɗaya daga cikinsu, Mare Tranquillitatis, 'yan sama-jannatin Amurka na Apollo 11 suka sauka ran 20 ga Yuli, 1969.

Na biyu su ne ramuka masu da'ira, ga su nan birjik kamar zanzana. Duwatsu ne suka faɗo daga sararin samaniya da gudun gaske suka haƙa su. Da yake wata ba shi da iska irin tamu, ba a kuma ruwan sama, babu abin da zai cike su da sauri, sai su yi miliyoyin shekaru yadda suke. Na uku kuwa tsaunuka ne. Jerin da ake kira Apenninus ya kai tsawon kilomita 600, wasu ƙololuwansa sun kai kilomita 5, wato sun ɗara Dutsen Kamaru.

To, yaushe ya kamata a duba? Da yawa za su ce daren sha huɗu. A'a. A wannan dare rana na haska fuskar wata kai tsaye, inuwa ta ɓace, komai ya zama fari fat, kamar yadda inuwar mutum ke komawa ƙarƙashin ƙafarsa da tsakar rana. Inda ake ganin abin mamaki shi ne iyakar haske da duhu, domin a nan ne rana ke fitowa a wata, inuwar kowane tudu ta miƙe zaƙal. Wannan iyaka tana matsawa kowane dare, saboda haka kullum da sabon wurin da za a gani. A nan mu muna da sa'a, tun da lissafin kwanan wata ba baƙonmu ba ne.

Daren uku ko huɗu ga wata, bayan magariba, a nemi Mare Crisium, wani baƙin fili zagayayye kusa da gefe. A lura kuma da ɓangaren watan da ke duhu yana ɗan haske dishi-dishi. Hasken rana ne da ya daki duniyarmu ya koma can. Daren biyar zuwa shida sai ramin Theophilus, mai faɗin kilomita 100, da tudu a tsakiyarsa. Daren bakwai da takwas sun fi kowane dare, ga watan a tsakiyar sama da magariba, ga tsaunukan Apenninus suna fitowa. Daren tara zuwa goma sai Copernicus, faɗinsa kilomita 93, bangonsa hawa-hawa kamar matakala. Daren sha huɗu ma yana da nasa rabo: a lokacin ne fararen layukan da suka fantsama daga ramin Tycho ke bayyana, wasu sun yi nisan kilomita 1,500.

Akwai wani abu da ya kamata 'ya'yanmu su sani game da sunayen nan. Wani malami ɗan Italiya, Riccioli, shi ya tsara yawancinsu a 1651, kuma bai manta da masanan Musulmi ba. Ramin Albategnius, wanda ake gani daren bakwai, sunan Al-Battani ne, masanin taurari da ya rasu a 929. Arzachel na daren takwas kuwa Az-Zarƙali ne na Andalus. Kusa da Mare Crisium akwai Alhazen, wato Ibnul Haisam, wanda ya yi fice a ilmin haske da gani. Har ila yau akwai wani ƙaramin rami mai sunan Ibn Battuta, matafiyin nan da ya sauka Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353.

Ga 'yan shawarwari ga mai son gwadawa. A ɗora madubin a kan katanga ko a ɗaure shi da sanda, don rawar hannu na ɓata gani. A guji lokacin hazon hunturu. Daren da sama ta washe bayan ruwa ya fi. Wasu madubai kan juya hoto sama ta koma ƙasa, kada wannan ya rikita mai bin taswira. Kada a sa ran ganin tutar da Amurkawa suka kafa, domin babu madubin da zai nuna ta daga nan duniya; kumbon LRO da ke zagaya wata tun 2009 ne ya ɗauko hoton wuraren saukarsu. Babban gargaɗi kuma: kada kowa ya kuskura ya dubi rana da madubi, makanta ce nan take.

Muna kira ga ƙungiyoyin iyaye da malamai, da masu hali a zangonninmu, su haɗa hannu su samar wa kowace makaranta ko da madubi ɗaya ne. A ba yara takarda da fensir su zana abin da suka gani dare bakwai a jere, su rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane, sannan a kwatanta a aji. Gani ya kori ji. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.