Gudu a Bayan Shanu: Yadda Za Ka Kare Gwiwarka

Ɗan'uwa makiyayi, da kai mai fatauci a kan iyaka, gudunku ba na shiri ba ne. Saniya ta ɓalle ta nufi gonar mutane, ko mota ta tashi da kayanka, sai ka zuba a guje.

To, ka sani duk takun da ka yi a guje, ƙafa ɗaya ce ke ɗaukar nauyinka ninki 2 zuwa 3. Idan ka miƙa ta can gaba, diddige ya daki ƙasa gwiwa a sandare, tamkar birki ka taka, kuma gwiwa da ƙwauri ne ke shan dukan. Gara ka taƙaita taku ka yawaita shi, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka, gwiwa a ɗan lanƙwashe. A gangara ma abin ya fi tsanani. Yashi kuwa agara yake gajiyarwa, silifa kuma, wallahi, targaɗe take jawowa.

In ciwon ƙwauri ya tsaya wuri guda, har kana iya nuna shi da yatsa, kar ka tsaya a kan tausa. Wataƙila ƙashi ne ya fara tsagewa, sai ka nufi asibiti.