Ƙarfi ba a damtse kaɗai yake ba

Idan aka ce wane ƙaƙƙarfa ne, damtsensa ake fara duba. Amma tsoka, duk kaurinta, 'yar aike ce, ba ta motsi sai jijiya ta kawo mata umarni. Tsokokin da ke manne da ƙasusuwanmu sun haura 600, kuma sana'a ɗaya kowacce ta iya: ja. Ba ta turi. Shi ya sa suke aiki biyu-biyu, ta gaban damtse ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta baya ta miƙe ta.

Yadda jan ke faruwa bai fito fili ba sai a 1954, lokacin da Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa zaruruwan cikin tsoka ba ƙanƙancewa suke yi ba, zamewa suke yi a kan juna. Zare iri biyu ne, aktin da mayosin. Mayosin na da ƙananan kawuna da ke cafko aktin, su ja, su saki, su sake cafkowa a gaba, kamar mai jan guga yana sauya hannu a kan igiya. Sai dai wurin kamun a rufe yake. Saƙo ne ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi laka, ya gangaro ta jijiya, sannan sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin tsokar ya buɗe shi. Sakin ma ba kyauta ba ne, yana buƙatar makamashin da ake kira ATP, kuma ƙarewarsa ce ke sa gawa ta sandare.

Mahauci zai iya cewa shi fa ya sha ganin tsoka tana rawa a faifai bayan an gama fiɗa, ina umarni a nan? Gaskiya ya faɗa, amma ba ta rushe maganar ba. Guntayen jijiyar da wuƙa ta yanke ba su mutu nan take ba, suna ci gaba da harba saƙo barkatai, ragowar makamashi kuma yana amsawa. Luigi Galvani ya wallafa irin wannan tun 1791 a Italiya, inda ƙafar mataccen kwaɗo ta zabura da lantarki ya taɓa jijiyarta. Wani kuma zai ce ai girman tsoka na ƙara ƙarfi. Yana ƙarawa, ba musu. To amma sabon mai ɗaga ƙarfe yakan ji ƙarfinsa ya ƙaru tun makonnin farko, alhali damtsen bai kumbura ba: jijiyoyinsa ne suka koyi tayar da zaruruwa masu yawa a lokaci guda.

Hujja mafi ciwo tana kan titunanmu. Ƙwayar shan inna ba tsoka take ci ba, ƙwayoyin jijiyar da ke cikin laka take kashewa, sai tsokar da ta daina samun saƙo ta rame ta shanye. An bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, bayan ɓullarta ta ƙarshe kafin lokacin, a Borno a 2016, amma waɗanda ta taɓa suna nan tare da mu. Dubi mai tuƙa keken guragu da hannu: jiki ɗaya, tuwo ɗaya, kafaɗa kamar ta ɗan dambe, ƙwauri kuwa bai fi tsintsiyar hannunsa kauri ba.