Abin da Likitoci ke Nema a Jikin Tsutsar Tsargiya

Duk wanda ya bi ta madatsar ruwa ta Guzuguzu a ƙasar Kabo da rani, ko ya gangara daga Gwarzo zuwa Ƙaraye inda aka datse kogin Challawa, lalle zai ga yara suna ninƙaya a bakin ruwa, manya kuma suna ban-ruwan tumatir da albasa, ƙafafunsu cikin taɓo. A irin wannan ruwa ne tsutsar tsargiya, bayan ta fito daga jikin ƙananan katantanwa, take huda fatar mutum ta bi jini, ta sauka a jijiyoyin mafitsara, ta yi shekaru tana zuba ƙwai, har yaro ya wayi gari yana fitsarin jini, wasu iyaye kuwa su ɗauka alamar balaga ce.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda baƙuwa irin wannan take daɗewa a jiki, alhali Allah ya halicci ɗan Adam da garkuwa mai yaƙar duk abin da ya kutsa masa. Bincike ya nuna tsutsar tana fitar da wasu sinadarai masu sanyaya fushin garkuwar, tamkar baƙon da ya san bakin mai gida.

To, akwai wata cuta wadda illarta ita ce wannan fushi ya wuce haddi, garkuwa ta juya wa hanjin mai ita, ya kumbura, ya yi gyambo, mutum ya yi ta gudawa da jini yana ramewa shekara da shekaru. Cutar nau'i biyu ce: ɗaya ana kiransa da sunan Dakta Burrill Crohn na Amurka, wanda shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1932, ɗayan kuma babban hanji kaɗai yake kamawa. Da Dakta Joel Weinstock, wanda a lokacin yake Jami'ar Iowa, ya lura cutar ta fi yawa a ƙasashen da suka rabu da tsutsar ciki, sai shi da jama'arsa suka shayar da majinyata ƙwan wata tsutsa ta hanjin alade, wadda ba ta daɗewa a jikin mutum. A rahotonsu na 2005, cikin mutum 29 masu cutar Crohn, 21 sun sami sauƙi sosai. Da abin ya tabbata, da malaman fiƙihu sun sha tambaya a kan hukuncin larura da najasa. Amma manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Amurka da Turai sun nuna, a 2013, cewa ƙwan bai fi maganin bogi amfani ba.

Daga nan ne hankali ya koma kan sinadaran da tsutsa ke fitarwa, aka bar ita tsutsar, kuma a ganina nan ne hikimar take. A birnin Lille na Faransa, Farfesa Monique Capron ta ɗauki wani sinadari na tsutsar fitsarin jini, irin tamu ta nan, wanda tun farko aka gwada shi a Senegal don rigakafin tsargiya, aka yi wa 'yan tsirarun masu cutar Crohn allurarsa. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna bai yi musu mummunar illa ba, amma yawansu bai kai hujjar cewa yana warkarwa ba, kuma har yau bai zama maganin da ake sayarwa ba.

Saboda haka kada wani uba a Gwarzo ya ji wannan labari ya hana ɗansa shan ƙwayar firazikwantel da ake rabawa a makarantu, domin tsargiyar da aka bari tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan jawo ciwon daji. Wanda kuwa gudawar jini ta ƙi barinsa wata da watanni, ana ta ce masa atini ne ko basir, ya kamata a kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a leƙa hanjinsa da na'ura.