Yadda za a ɗauki hoton tufafin sayarwa da wayar hannu

Ƴan kasuwar da ke saro atamfa da shadda daga Kantin Kwari a Kano su kawo Gumel, ko su kasa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yanzu da yawansu ta WhatsApp da Facebook suke samun masu saye. Mai saye na nesa ba ya taɓa yadi, hoto kawai yake gani, don haka hoton ne ke yin ciniki.

Ba sai an sayi kyamara ba. A fara goge gilashin kyamarar waya, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. A ɗauka da hantsi a inuwa, domin tsakar rana tana sa shadda ƙyalli har zanenta ya ɓace. A kashe fitilar waya, tana sauya launi.

A yi wa riga guga, a rataye ta jikin farin ƙyalle. A ɗauki gaba da baya, sannan a matsa kusa da aikin wuya da tambarin bakin atamfa. Kada a ƙara wa launi armashi: wanda ya ga shuɗi aka kai masa toka-toka ba zai dawo ba. A rubuta yadi nawa ne da farashinsa.