Ƙwallo A Gidan Yari: Ina Ruwan Mata?

Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce, yau kuma filinmu ya koma na 'yan tamaula? Ku yi haƙuri ku biyo ni, don kuwa zancen ya shafe mu fiye da mazan da ke bugawa.

Duk wadda ke zaune a Zango ta san yadda abin yake. In aka kama yaro kan faɗa ko sata ko shaye-shaye, aka wuce da shi gidan yari a Daura, uwa ce ke kwana ido biyu. Ita za ta ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu, ta nemo kuɗin mota. In kuwa maigida ne aka ɗaure, ci da shan yara ya dawo wuyan matarsa. Alhali kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

To, amma ranar fitowa ta fi ranar shiga wuya. Yaro ya dawo, sai ya iske garinsu ya zame masa baƙo. In ya doshi majalisar abokai, hira ta mutu. Mai shago ba ya ɗaukarsa, gidan da ya nemi aure an rufe ƙofa. Mu mata kuwa, mu faɗi gaskiya, a gidan suna da gidan biki mu ne kan gaba wajen nuna uwarsa da baki. Wanda aka yi wa haka, ina zai nufa in ba wurin waɗanda suka kai shi can tun farko ba?

A zamanin En'e kurkuku a hannun Sarki yake, mai kula da shi ana ce masa Yari, daga nan ne ma sunan gidan ya samo asali. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen duka. A 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu kan dokar da ta mai da su gidajen gyaran hali. Suna ya yi kyau. Sai dai gyaran hali ba aikin gandirobobi kaɗai ba ne, tun da wanda aka gyara wurinmu zai dawo.

Nan ne ƙwallo ta shigo. A tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, inda aka tsare Nelson Mandela shekara 18, fursunoni sun daɗe suna roƙon a bar su su buga, ana hana su, har aka yarda a shekarun 1960. Suka kafa ƙungiya mai suna Makana, da shugabanni da alƙalan wasa da kwamitin ladabtarwa, suna bin dokokin FIFA sau da ƙafa. Shi Mandela ba a bar shi ya buga ba. Jacob Zuma, wanda ya zama shugaban ƙasar a 2009, yana cikin alƙalan wasansu. A 2007 FIFA ta karrama ƙungiyar da kujerar girmamawa. A kurkukun Luzira na Kampala, a Uganda, su ma ɗaurarru sun shirya gasarsu da kansu, suka raɗa wa kulob-kulob ɗinsu sunaye irin su Arsenal da Liverpool, watau dai sunayen da yaranmu ke musu a kansu a gidajen kallo.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Ingila. A 2018 David Dein, tsohon mataimakin shugaban Arsenal, ya fara wani shiri na haɗa kowane gidan yari da kulob ɗin da ke kusa da shi. Masu horarwa na kulob su kan shiga ciki, su koya wa ɗaurarru aikin horar da 'yan wasa, in sun gama a ba su takardar shaida. Har gidajen mata shirin ya kai. Ku lura, mutanen gari ne ke shiga. Kafin mutum ya fito akwai wanda ya san shi da sunansa, ya ga yadda yake karɓar hukuncin alƙalin wasa ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Ba na cewa ƙwallo za ta cika ciki, ko ta gaggauta shari'ar wanda aka manta da fayil ɗinsa. Amma ku duba filin makaranta a Zango bayan la'asar, samari nawa ke guje-guje cikin ƙura? Wanda ke tsare a Daura jiya-jiya a cikinsu yake, wataƙila ma shi ne mai tsaron gidansu. Me zai hana, ko da Sallah ƙarama da babba ne, a nemi izini su je su buga da na ciki? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ke uwargida, in maigidanki ko ƙanenki na cikin masu tafiyar da kulob ɗin unguwa, ki kawo masa maganar bayan ya ci tuwon dare, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba. 'Yan adashe kuma, abin da za a cire a sayi ƙwallo biyu da rigunan wasa bai kai kuɗin ankon biki guda ba.

Ku kuma 'yan makaranta, in akwai wadda yayanta ke tsare a ajinku, kada ku ƙaurace mata. Ku taya ta rubuta masa wasiƙa, a gaya masa wa ya ci a wasan unguwa, wa ke tsaron gida a madadinsa. In Inna za ta tafi Daura ranar ziyara sai ta tafi da ita, ta miƙa wa gandiroban bakin ƙofa ya duba tukuna.